Coast to Coast na Westlife: ya cancanci kasuwar da ya ci kuwa?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum 'yan gida. 'Yan zamanin kaset ku matso kusa, yau tsohon zance zan tono. Ranar 6 ga Nuwamba 2000 kundi biyu suka fita rana guda a Birtaniya: Coast to Coast na Westlife, ƙungiyar samari biyar 'yan Ailan, da Forever na Spice Girls, ƙungiyar 'yan matan Birtaniya. Jaridun can suka yi ta zuga, kowa na jiran ya ga wanda zai kai wani ƙasa. Da mako ya cika aka ƙirga, Westlife sun sayar da kwafi dubu 230 da ɗoriya, Spice Girls dubu 70 da 'yan kai. Wato ninki uku. Daga baya kundin Westlife ɗin ya haura miliyan ɗaya da rabi a Birtaniya kaɗai.

Amma masu sharhin waƙa na jaridu ba su taɓa ganin Westlife da gashi ba. Har gobe in za a yi misalin waƙa mara gishiri, su ake kira. Ni kuma ra'ayina shi ne Coast to Coast ya fi duk wani kundi da suka yi, kuma kasuwar da ya ci halaliyarsa ce. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Na fito, Yaya. Kundin nan kwandon tumatir ne irin na bakin titi: manya jajaye a sama, in ka zazzage ka ga abin da aka cusa a ƙasa. My Love, What Makes a Man, I Lay My Love on You, sai Against All Odds da suka yi da Mariah Carey. Daga nan fa? Waƙa kusan 20 aka jibga, ya fi awa guda, kuma na rantse in na sa maka ta 11 da ta 15 ba ka duba bayan kwali ba, ba za ka iya ce min ga wannan ga waccan ba.

Baban Khalifa:
Soledad fa? Ai tana can tsakiya. Ka taɓa ganin ruɓaɓɓen tumatir irin Soledad?

Ɗan Birni:
To na ba ka Soledad. Biyar ke nan. Saura goma sha wani abu.

Maman Iman:
Ku dai ku gama rabon tumatirinku, ni zancen 'yan matan nan ne ya dame ni. Baban Khalifa, yadda ka kawo alƙaluman nan sai mutum ya ɗauka Westlife sun fi su ne. Ka manta su waye Spice Girls? Kundinsu na farko na 1996 ya wuce kwafi miliyan 20 a duniya. Wannabe ta hau lamba ɗaya har a Amurka. Westlife kuwa duk tsawon rayuwarsu waƙa ɗaya suka samu ta leƙa teburin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka da ƙyar, Swear It Again, ta tsaya a ta 20. Shi kansa Coast to Coast ɗin ba a ma fitar da shi a can ba. Ba a haɗa su. Abin da ya faru a makon nan shi ne an tari ƙungiyar da ta riga ta gaji, aka haɗa ta da yara masu jini a jika.

Autan Mama:
Anti ku yi haƙuri, ni lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Na dai san My Love don tana yawo a TikTok, kuma babban wanmu yana sa ta a mota in zai kai mu makaranta. Na je na saurari kundin yanzu saboda wannan zancen. Gaskiya duk iri ɗaya nake jin su. Fiyano ya fara a hankali, wani ya yi kuka-kuka, can sai duk su kwarma ihu tare. An gama, a sake wata.

Oga Sound:
Auta, ba ka san ka faɗi gaskiyar da ta fi ta kowa ba. Abin da ka ji ɗin nan tsari ne, da gangan aka yi shi. Bari in yi magana a matsayin wanda ke zaman sutudiyo.

Waƙoƙin kundin nan daga gida biyu mafi yawansu suka fito. Gida na farko Landan, wajen Steve Mac da Wayne Hector, su suka rubuta What Makes a Man, kuma su ne dai masu Flying Without Wings ta kundin farko. Gida na biyu Stockholm ta ƙasar Suwidin, sutudiyon Cheiron, inda su Per Magnusson da David Kreuger da Jörgen Elofsson suka haɗa My Love. Wannan Cheiron ɗin shi ne ya yi wa Backstreet Boys manyan waƙoƙinsu, can aka haɗa wa Britney Spears waƙarta ta farko. Masana'anta ce sosai. A sama kuma ga Simon Cowell a kamfanin faifai yana zaɓar wadda za ta shiga da wadda za a jefar, ga Louis Walsh manaja.

Ginin waƙar kuwa kusan kullum ɗaya ne. Cikin samarin biyar, Shane ya buɗe baitin farko da murya a kwance, fiyano ko jita kaɗai a bayansa. Amshi ya shigo, a ƙaro ganga. Baiti na biyu a ba Bryan ko a bar wa Shane. Sai a zo gada, wato gaɓar da ke kafin amshin ƙarshe, a saki Mark ya ja murya sama. Daga nan sai a yi abin da kowa ya san su da shi: a ɗan tsaya, a ɗaga sautin kiɗan gaba ɗaya mataki guda, amshin ƙarshe ya dawo da ƙarfi. A kan dandamali daidai wannan gaɓar ce suke miƙewa daga kan dogayen kujerunsu su tako gaba. Turawa sun mayar da tashin nan abin barkwanci, amma je ka gwada a sutudiyo ka gani. Kunnen mutum ya saba da amshi sau biyu a wuri ɗaya, karo na uku ka ɗaga masa shi, dole tsigar jikinsa ta tashi ko da bai so ba.

Ɗan Birni:
To ai ka gama min aiki, Oga. Masana'anta. Yawancin waƙoƙin yaran ba su rubuta ba, ba su kaɗa ba, ba su zaɓa ba. Me ya rage nasu?

Oga Sound:
Murya. Kuma kada ka raina ta. Sa belin kunne mai kyau ka saurari Mark a ƙarshen What Makes a Man. Wannan ba na'ura ba ce. Shi kuma Shane abin da yake da shi tsafta ce, ba ya kauce wa layi, ba ya cika ado. Irin muryar da mai haɗa sauti ke so ke nan, ba ta ba ka wahala wajen gyara.

Ɗan Birni:
Biyu cikin biyar. Kian da Nicky fa? 'Yan amshi ne da aka saya wa farin kaya. A duk kundin nan sau nawa ka ji ɗayansu ya riƙe baiti shi kaɗai? In ana zancen ƙungiyar muryoyi, Boyz II Men ake nufi. Mutum huɗu, kowa da gurbinsa, har da mai muryar ƙasa. A kashe kiɗa gaba ɗaya su tsaya su rera, ba abin da zai ragu. Kundinsu na 1994 akwai waƙar da ta yi mako 14 a lamba ɗaya a Amurka, wadda suka yi da Mariah Carey kuma ta yi 16. Ga bambanci nan ma: su Mariah ta shiga sutudiyo da su aka rubuta waƙa sabuwa. Ta Westlife da Mariah kuwa waƙar Phil Collins ce ta 1984, Mariah ta riga ta rera ta a kundinta na 1999, aka ɗauko muryarta yadda take aka liƙa nasu a kai. I Have a Dream ta ABBA ce. Uptown Girl da suka yi bayan 'yan watanni ta Billy Joel ce. Aro a kan aro.

'Yar Jos:
Ɗan Birni, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba shi ya sa muka so su ba, kuma ba shi zai sa mu daina ba.

Ni a makarantar kwana na san kundin nan. Rikoda an hana, amma akwai wata 'yar ajinmu da ta ɓoye ƙarama a ƙasan akwati cikin garin kwaki. Batir ya yi tsada, don haka ba a mayar da kaset baya da rikoda, sai dai a zura biro a ramin a yi ta juyawa da hannu. Mutum ɗaya ta riƙe rikoda a kunne tana dannawa tana tsayarwa, ɗaya tana rubutawa a bayan littafin lissafi. Layi-layi har a gama waƙa. Washegari littafin ya zaga ɗakin kwana kowa ta kwafa, har da zanen fure a gefe da jan biro.

Abin da nake so ku lura da shi: da Boyz II Men ba ma iya yin haka. Suna jan kalma ɗaya su lanƙwasa ta har ka rasa farkonta. Na rap kuwa ba a magana. Westlife kaɗai ne za ka ji kowace kalma ta fito fes, a hankali, da Turancin da ɗan aji uku zai gane. Rabin wasiƙun da samari suka riƙa aiko wa 'yan makarantarmu daga kundin nan aka kwaso su. Wata ta samu wasiƙa ta zo tana ta rawar kai, muka buɗe littafi muka nuna mata baitin da aka kwafo, har da kuskuren da mai kwafar farko ta yi.

Maman Iman:
Hahaha wallahi an yi haka! Mu ma a Kaduna.

Hajjo Damagaram:
Ina gaisuwa 'yan uwa na Najeriya. Mu nan da Faransanci muka yi karatu, Turancin Ingila sai kaɗan-kaɗan a makarantar sakandare. Abin da matasa ke ji lokacin zuk ne da waƙoƙin Kongo da na Mali, sai Céline Dion da Faransanci, sai na Indiya da kowa ya sani. Amma kaset ɗin Westlife ya shigo mana ta hannun 'yan kasuwa masu zuwa Kano sari. Ba mu san abin da suke cewa ba sai ɗai-ɗai, amma mun san waƙar bege ce. Wanda ya tashi da waƙar Indiya ba ya buƙatar a fassara masa. Ni a ganina ta wannan ƙofar suka shigo ƙasar Hausa: kunnenmu ya riga ya saba da namiji yana rera rabuwa da kewa a hankali, da goge a bayansa.

Malam Lakcara:
Hajjo ta taɓo wurin da nake so in shiga. Ku duba inda Westlife suka fi ƙarfi bayan Ailan da Birtaniya: Indunusiya, Filifin, Malesiya, Sin, Afirka ta Kudu, da mu nan. Mafi yawa wuraren da Turanci yare na biyu ne ko na uku. Abin da mai sharhi a Landan yake kira rashin gishiri, wato kalmomi masu sauƙi, ba habaici, ba salon unguwa, ba batsa a fili, shi ne daidai abin da ya ba waƙar damar tsallaka teku. Mai sharhin yana auna kundi da tambayar me ya kawo sabo. Yarinyar da 'Yar Jos ta ba mu labari tana auna shi da ko zan iya rerawa, ko zan iya sa shi a gaban yayata ban ji kunya ba. Ma'auni biyu ne daban.

Kuma ko a can ɗin, duk inda aka bar jama'a su yi zaɓe, Westlife ke lashewa. My Love ta ci kyautar waƙar shekara ta 2000 da masu kallon talabijin ke kaɗa wa ƙuri'a, kamar yadda Flying Without Wings ta ci a 1999. A bikin BRIT na 2001, na kyaututtukan waƙa a Birtaniya, sun ɗauki kyautar gwanayen pop, ita ma ƙuri'ar jama'a ce. Inda 'yan jarida ke zaɓe kuwa ko ƙyallinsu ba ka gani.

Ɗan Birni:
Malam, da girmanka, wannan hujjar ai ta kasuwa ce. Yawan masu saye ba ya mayar da abu mai kyau. Kuma waye jama'ar? Yara mata 'yan shekara 12 da iyayensu mata. Ka san wanda ya tsayar da Westlife a Disambar shekarar? Waƙarsu bakwai a jere tun daga Swear It Again kowace ta shiga a lamba ɗaya. Ta takwas, What Makes a Man, aka sake ta don ta ci makon Kirsimeti. Wa ya kayar da ita? Bob the Builder. 'Yar tsanar shirin yara mai hular kwano! Masu sayen ɗaya ne, ranar sai suka fi son magini.

Baban Khalifa:
Kai Ɗan Birni ba ka da dama. To ai ka faɗa da bakinka: bakwai a jere daga waƙar farko. Kafin su ba wanda ya taɓa yin haka a Birtaniya. Kuma tunda tone-tone ake, shi kundin mako ɗaya ya yi a sama, wanda ya sauke shi kuwa tarin waƙoƙin Beatles ne da ya fita ranar 13 ga Nuwamba. In Beatles ne suka ture ka ai ba abin kunya ba ne.

Sannan zancen aro da kake yi. Waƙa nawa Whitney Houston ta rubuta da hannunta? Babbar waƙarta ta fim ɗin nan ai ta Dolly Parton ce. Elvis fa? A nan gida ma mawaƙa nawa ne ake rubuta musu? Rerawa sana'a ce, rubutawa sana'a ce.

Abu Hanan:
'Yan uwa, ina tunatar da mu dai, shekaru sun ja. Lokacin da ake ɓatawa a kan wa ya fi wa iya waƙa, da an yi wani abin da shi.

Admin:
Mun gode da tunatarwa Malam Abu Hanan, Allah ya saka. Zauren dai na tarihin kiɗa da waƙa ne, kuma an rubuta haka a sama. A ci gaba, a kiyaye harshe.

Maman Iman:
Ni fa har yanzu ba a amsa min ba. Kowa ya koma kan samarin, an bar 'yan matan. Na ce Forever ba mummunan kundi ba ne, kuma Holler ta fi duk wata waƙa mai sauri da Westlife suka taɓa yi. Ita ma ai ta hau lamba ɗaya a Oktoban 2000, ta tara ke nan a wurinsu. Mutane suna magana kamar sun fito ba su sayar da komai ba.

Ku duba halin da suke ciki. Sun sallami manajansu Simon Fuller tun 1997. Geri, ɗaya daga cikinsu, ta fice a watan Mayun 1998 ana tsakiyar zagayen wasanni. Mel B da Victoria suka haihu a 1999, Victoria ta auri Beckham. Melanie C ta fitar da nata kundin, a cikin shekarar 2000 kaɗai ta hau lamba ɗaya sau biyu ita kaɗai. Mel B ta saki nata kundin saura 'yan makonni Forever ya fito. Kowace hankalinta na kan nata. Ba su zagaya tallar kundin yadda ya kamata ba, ba su fitar da wata waƙa daga cikinsa bayan Holler da 'yar uwarta Let Love Lead the Way da aka sake su tare ba, kafin shekara ta ƙare suka ce sun tafi hutu. Su kuma Westlife a makon nan ba gidan talabijin da ba su shiga ba, ba kantin faifai da ba su je sa hannu ba. Ya za a yi sakamako ya zo ɗaya?

Oga Sound:
Hajiya, na yarda da rabin maganarki. Holler aiki ne mai kyau, Rodney Jerkins ne ya haɗa, mutumin da ya yi wa Destiny's Child Say My Name, ya yi wa Brandy da Monica tasu. Akwai kuma hannun Jimmy Jam da Terry Lewis, masu yi wa Janet Jackson aiki. Ba a taɓa tara wa Spice Girls manyan hannaye irin haka ba.

Amma nan matsalar take. Kiɗan Jerkins an gina shi ne don murya irin ta Beyoncé ko Brandy, mai iya gudu a kan ganga tana yanka kalma. Spice Girls ba da wannan suka yi suna ba. Abin da ya sayar da su hayaniya ce da raha, mutum biyar kowace da halinta, suna katse juna, amshin da yara za su yi ta ihu da shi a filin wasa. A Forever duk an share wannan. Suka sa baƙaƙen kaya, suka nutsu, suka zama kamar kowace ƙungiyar R&B ta Amurka, alhali ga na asali nan a kasuwa. Yaran da ke sayensu ba su gane su ba, manyan da suke nema kuma suna da TLC da Destiny's Child. A Amurkar da aka yi kundin dominta a ta 39 ya tsaya. In kin lura, waƙar da ta fi kama da su a ciki ita ce Goodbye, kuma tun 1998 aka yi ta da tsofaffin marubutansu.

Westlife kuwa ba su canza ko ɗigo ba. Abin da ya yi aiki a kundin farko, wanda ya tsaya a ta biyu, shi suka ƙara yi, suka ƙara yawa.

Maman Iman:
To ka ga abin da ke ba ni haushi ke nan. Wanda ya yi ƙoƙarin sabon abu an hukunta shi, wanda ya maimaita jiya an ba shi kyauta. Kuma masu sharhin da ke zagin Westlife don ba sa canzawa, su ne dai suka zagi Spice Girls don sun canza.

Malam Lakcara:
Wannan kam haka ne Maman Iman, ba wanda ya tsira daga alƙalaminsu a makon nan. Sai dai zargin ba iri ɗaya ba ne. Su Westlife an ce sun cika lissafi. Su kuma an ce ba ransu a ciki. Kuma in mutum ya saurari kundin biyu yau zai ji hakan. Samarin nan, duk da yawancin waƙoƙin ba su suka rubuta ba, suna rera ta kamar rayuwarsu ta dogara a kai. Uku daga Sligo, ƙaramin gari a gaɓar yamma, biyu daga Dublin a gabas, ba wanda ya wuce shekara 22, shekara biyu kafin nan ba wanda ya san su. Yunwar tana cikin muryar. A Forever kuwa kana jin mutum huɗu da kowace ta zo ta yi nata ta tafi.

Autan Mama:
Na koma na kalli bidiyon My Love. Wai jirginsu aka soke suka kama tafiya a ƙasa, can sai ga su a kan wani dutse a bakin teku. Wurin ya yi kyau gaskiya. Amma tafiyar da suke yi a jere suna buɗe hannu ta ba ni dariya.

'Yar Jos:
Cliffs of Moher ke nan, a ƙasarsu. Yi dariyarka Auta. Yayyenka sun sha ɗaukar hoto a sutudiyo da farar riga a buɗe da hannu a ware haka, je ka binciki tsohon albam ɗin gidanku. Da wayar hannu ta shigo a 2001 kuma, duk mai Nokia sai ya nemi wanda ya iya danna lambobin nan ya sa masa My Love ta zama ƙarar kira. Har kuɗi ake biya a bakin kasuwa.

Ɗan Birni:
Tunda an zo kan My Love, ga wani abu da ba kowa ya sani ba. A 2015 ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta Amurka, ACLU, ta shigar da ƙara a madadin wasu mutane da CIA ta tsare. Ɗaya daga cikinsu, wani masunci ɗan Tanzaniya da aka riƙe a wani kurkuku a Afganistan, ya ce cikin azabar da aka yi masa har da sa masa wannan waƙar da ƙarfi ana maimaitawa. Ba don in ci muhawara na kawo ba, abin ne ya tsaya min a rai tun da na karanta.

Hajjo Damagaram:
Subhanallah. Allah ya isar masa.

Baban Khalifa:
Amin. Wannan kam ba laifin masu waƙa ba ne, kowace waƙa aka yi wa mutum haka da ita azaba ce.

Bari in dawo kan kwandon Ɗan Birni, don na sake bin kundin daga farko. Zan rage farashi kaɗan amma ba zan janye ba. Daga ta 11 zuwa ƙasa akwai huɗu ko biyar da in an cire su ba wanda zai yi kewa. Lokacin CD ne, ana ganin in ba a cika faifai ba an cuci mai saye. Da waƙa 12 suka tsaya a kai, da ba mai cewa uffan. Amma When You're Looking Like That tana nan, mai sauri ce kuma ta yi kyau, ga Angel's Wings, ga Fragile Heart. Ka ce biyar, ni na ce tara.

Ɗan Birni:
Bakwai, kuma ban da I Have a Dream, don tun Kirsimetin 1999 aka sayar da ita, aka sake cusa ta a nan.

Oga Sound:
Ku bar cinikin nan haka. Abin da ni ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da kundin ya haifar a nan. A shekarar 2000 ɗin Plantashun Boiz suka fito da nasu a Legas, bayan 'yan shekaru Styl-Plus suka taso daga Abuja da haɗin murya mai laushi. Ba na cewa Westlife suka kwaikwaya, su sun fi jingina da R&B na Amurka. Amma kunnen da ya karɓe su, kaset irin su Coast to Coast ne suka gyara shi. Har yau in yaro ya zo min da waƙar soyayya ya ce Oga a ƙarshe ina so ta tashi, na san abin da yake nufi ko da bai taɓa jin sunan Shane ba. In ɗaga masa mataki guda, ya yi ta murna.

Maman Iman:
Ni dai a rubuta cewa ban yarda an kayar da Spice Girls ba, sun sauka ne da kansu. Da suka dawo su biyar a 2007 tikitin Landan cikin ƙiftawar ido ya ƙare. A rufe gasar Olamfik ta 2012 su aka kira suka hau kan motocin tasi, ba Westlife ba.

Baban Khalifa:
A 2012 ɗin Westlife suna filin wasa na Croke Park a Dublin suna bankwana da mutum sama da dubu 80 a dare guda, dare biyu a jere, Hajiya. Bayan Bryan ya fita a 2004 sun ƙara shekara takwas, lamba ɗaya 14 suka tara. Spice Girls kuwa tun Forever ba su sake shiga sutudiyo sun yi cikakken kundi ba.

Maman Iman:
Uku sun ishe su. Admin, mako mai zuwa a sa mana Destiny's Child, Survivor na 2001, in ga abin da Ɗan Birni zai ce a kan wa ke riƙe baiti a can.

Ɗan Birni:
A sa. Amma ki zo da shiri Anti, don tambayar da na yi a kan Kian da Nicky ita zan yi a kan Michelle.